Wai me ya sa ake ce wa 28 kammalalliyar lamba?

Wani ƙanena da ke ajin ƙarshe a sakandare ya turo min tambaya, yace ya ga wani bidiyo ana cewa 28 kammalalliyar lamba ce, wai shi ya sa haruffan Larabci suka zama 28, manzilolin wata ma 28, watan Fabrairu ma 28, to shi yana so ya sani gaskiya ne ko dai zance ne kawai irin na masu neman mabiya, kuma in gaskiya ne me kammalar take nufi.

To ƙanena, gaskiya ne 28 kammalalliya ce a wajen masu lissafi, wannan ba zancen bidiyo bane, tun sama da shekara dubu biyu da suka wuce ake kiranta haka. Amma inda mai bidiyon ya kwafsa shine wajen "shi ya sa" ɗin nan, ya haɗa abu uku da basu da alaƙa ya zuba su a tukunya ɗaya. Akwai halin da lamba take dashi ita kanta, wanda ko a wane yare ka ƙirga ta ko da wane rubutu ka rubuta ta yana nan, akwai halin da ya samo asali daga yadda muke rubuta lambobi da goma goma, sannan akwai abubuwan duniya da suka zo suka dace da lambar. Na shekara da shekaru ina koyar da lissafi kuma wallahi babu abin da yake min ciwo irin in ga yaro mai kaifin basira an rikita masa waɗannan ukun, sai ya koma yana ganin lissafi kamar wani duba ne.

Bari mu fara da ita kanta. Ka samo marafan kwalbar lemo guda 28, ko tsakuwa, ko gyaɗa, ni da marafan nake yi a aji saboda basa mirginawa. Tambayar ita ce, kashi nawa nawa zaka iya kasa su ba tare da ragowa ba? Zaka iya ɗaya ɗaya, zaka iya bibbiyu ka samu kashi 14, zaka iya hurhuɗu ka samu kashi 7, bakwai bakwai kashi 4, sha huɗu sha huɗu kashi 2. Gwada uku uku, zaka samu kashi 9 guda ɗaya ta rage a hannunka, biyar biyar uku zasu rage, shida shida huɗu zasu rage. Kenan lambobin da suke raba 28 tsaf su ne 1, 2, 4, 7, 14 sai ita kanta 28. Yanzu ajiye 28 ɗin a gefe ka tara sauran: 1 da 2 uku, da 4 bakwai, da 7 sha huɗu, da 14 ashirin da takwas. Ka ga ta dawo kanta cif, ba ƙari ba ragi. Iyakar ma'anar kammala kenan, babu wani sirri a bayanta. Na fi son in ce kammalalliya akan cikakkiya saboda mu a Hausa muna da cika da mara, cika ita ce wadda ta rabu biyu daidai, mara kuma wadda ɗaya yake ragewa, to in kace cikakkiya sai yara su ɗauka duk lambar da take cika ake nufi, alhali 26 ma cika ce amma ba kammalalliya bace.

Zaka fi ganin daɗin abin in ka leƙa maƙwabtanta. 27 masu raba ta 1, 3, 9, jimla 13, ko rabinta bata kai ba. 29 ba mai raba ta sai 1, irinta ake cewa firam, wato lambar da bata rabuwa sai da ɗaya da kanta. 30 kuwa 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15, jimla 42, ta zarce kanta da 12. To kaga gida uku kenan, mai giɓi irin 27 da 29, mai rara irin 30, sai kammalalliya a tsakiya. Larabawa suna cewa naƙis da za'id da tamm. Daga 1 zuwa 100 masu giɓi 76 ne, masu rara 22, kammalallu biyu rak, 6 da 28. Ita 6 ai kaga 1 da 2 da 3 ne. Kuma duk wadda ta raba 28 mai giɓi ce, duba 14, masu raba ta 1, 2, 7, jimla 10, duk wadda kuma 28 ta raba ta mai rara ce, duba 56, zaka samu 64. Kamar tana tsaye ne akan siraɗi, ka ɗan matsa ko ta ina ka faɗa wani gidan.

Wannan rabon gida ukun wani Bagirike ne ya yaɗa shi, Nikomakus, mutumin garin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, wajen shekara ta 100 miladiyya. Har ya kamanta mai rara da dabbar da gaɓoɓinta suka yi yawa, mai giɓi kuma da mai ido ɗaya. Sabit bin Ƙurra ne ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza, shi Sabit ya rasu a 901, kuma bai tsaya a fassara ba, ya fito da ƙa'idar samo lambobi masoyan juna, irin 220 da 284, waɗanda in ka tara masu raba ta farko sai ka samu ta biyu, in ka tara na ta biyu sai ka samu ta farko. In ka duba ta wannan fuskar 28 masoyiyar kanta ce.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, don nan ne ainihin amsar. Me ya sa 28 ta fito haka, dace ne? Ba dace bane. Fara da 1 kana ninkawa kana tarawa. 1 da 2 uku. Uku firam ce, to ɗauki ukun ka yi sau lambar ƙarshe da ka tara, 3 sau 2, shida. Ci gaba, 1 da 2 da 4 bakwai, bakwai firam ce, 7 sau 4, ga 28 ta fito. Ci gaba, da 8, sha biyar, to 15 ba firam bace tunda 3 da 5 suna raba ta, in ka dage kayi 15 sau 8 zaka samu 120 kuma masu raba 120 in ka tara su 240 ne, rara har ninki biyu. Wuce, da 16, talatin da ɗaya, firam ce, 31 sau 16, 496. Ta gaba 63 bata yi ba, ta gaba 127 tayi, 127 sau 64, 8128. Iklidis, malamin lissafi Bagirike, shi ne ya rubuta wannan ƙa'idar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙarshen juzu'i na tara na babban littafinsa na lissafi, kuma ya kawo hujja ba wai gwaji kawai ba.

Hujjar ma zaka iya ganinta da idonka akan 28. Rubuta masu raba ta a layi biyu, har da ita kanta wannan karon. Layin sama 1, 2, 4. Layin ƙasa 7, 14, 28, wanda in ka lura layin saman ne aka yi wa sau bakwai. Layin sama jimlarsa 7, layin ƙasa kenan bakwai sau bakwai, 49. Haɗa su, bakwai guda takwas kenan, 56. To 28 bakwai guda huɗu ce, 56 ninkinta ne daidai, cire ita kanta saura 28. Duk dabarar tana wajen cewa 1 da 2 da 4 sun tara 7, ita kuma 7 saura ɗaya ta kai 8. Dalilin da yasa dole sai jimlar ta zama firam shine don kada wasu masu rabawa su kutso daga waje, kamar yadda 3 da 5 suka kutso wa 120 suka ɓata lissafin. Ranar da na fara nuna wa wani aji wannan layi biyun, wata yarinya daga baya ta miƙe tun ban gama ba tace Malam ashe 496 ma layi biyu ne, na sama 1, 2, 4, 8, 16 na ƙasa sau 31. Ban taɓa manta wannan ranar ba, don ita ta gano da kanta, ni alli kawai na miƙa mata.

Iklidis ya nuna cewa duk abin da ƙa'idarsa ta haifar kammalalle ne, amma bai nuna cewa babu wata hanyar ba. Sai bayan kusan shekara dubu biyu Leonhard Euler, ɗan Suwizalan wanda ya rasu a 1783, ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lambar da take cika to dole ta wannan ƙofar ta shigo, kuma ba a buga hujjar tasa ba sai 1849. A tsakanin nan malaman Musulunci sun taɓa matsalar, Ibnul Haisam ya yi aiki a kanta, wani kuma Isma'il bin Fallus a ƙarni na 13 ya jero lambobin da a cikinsu akwai ta biyar da ta shida da ta bakwai, duk da dai ya haɗa da wasu da ba daidai ba. Kuma kar kayi mamakin kuskuren, da hannu suke yi, kuma akwai tarko a hanya, misali 2047 tana cikin jerin ninkin nan kuma kallo ɗaya zaka rantse firam ce, ashe 23 sau 89 ce.

Shi kansa Nikomakus ya faɗa irin ramin da mai bidiyonka ya faɗa. Guda huɗu kawai ya sani, 6, 28, 496, 8128, sai ya ga ta farko harafi ɗaya, ta biyu biyu, ta uku uku, ta huɗu huɗu, kuma ƙarshensu 6, 8, 6, 8, sai ya yanke hukunci cewa haka abin zai tafi har abada. Ta biyar da ta bayyana 33,550,336 ce, 8191 sau 4096, harafi takwas ba biyar ba. Ta shida 8,589,869,056, ita ma da 6 ta ƙare ba 8 ba. Duka maganganun biyu suka rushe. Abin da ya tsira shine duk kammalalliya mai cika da 6 take ƙarewa ko da 28, wannan an tabbatar. Ina yawan faɗa wa ɗalibaina wannan labarin saboda misali huɗu sun yaudari babban malami mutane kuma suka yi ta kwafar maganarsa ɗaruruwan shekaru, to ina ga ni da kai in mun ga abu ya dace sau biyu ko uku.

Sauran halayenta na asali kusan duk 'ya'yan wannan 4 sau 7 ɗin ne. Koma kan marafanka, jera 7 a ƙasa, 6 a kansu, 5, 4, 3, 2, 1, irin yadda mai lemo yake jera kayansa a tire. Zasu ƙare cif, alwatika ta tashi, don 1 zuwa 7 in ka tara 28 ne. In kana son ganin dalili ka yi alwatika biyu ka kifa ɗaya akan ɗaya, zaka samu layi 7 kowanne da 8, 56, rabinsa 28. Shi yasa in mutum takwas suka haɗu a ɗaurin aure kowa yayi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha 28 za a yi, na farko ya gaisa da bakwai, na biyu saura shida, haka har ƙasa. Kulob takwas a gasar unguwa kowa ya buga da kowa sau ɗaya, wasa 28. Kuma duk kammalalliya mai cika alwatika ce, 6 daga 1 zuwa 3, 496 daga 1 zuwa 31, 8128 daga 1 zuwa 127. Akwai kuma wata da nake so, 28 ita ce 1 da 27, wato 1 sau 1 sau 1 a tara da 3 sau 3 sau 3. Ƙara 125 da 343, wato na 5 da na 7, sai ga 496. In ka juyar da masu raba ta suka zama ɓangare, ɗaya, rabi, kwata, ɗaya bisa bakwai, ɗaya bisa sha huɗu, ɗaya bisa ashirin da takwas, jimlarsu 2 ce daidai, kuma wannan maganar 56 ce dai ta sake riga. Sannan da duwatsun awo shida masu nauyin 1, 2, 4, 7, 14, 28 zaka iya auna kowane nauyi daga 1 har 56 ba tare da ka maimaita dutse ba, gwada 45, 28 da 14 da 2 da 1.

Akwai wadda za a gaya maka, cewa firam biyar na farko, 2, 3, 5, 7, 11, jimlarsu 28. Gaskiya ne, tara ka gani, amma ni ban ɗauke ta da nauyi ba don bata da alaƙa da kammalar, 6 da 496 basu yi hakan ba.

Kashi na biyu, halayen rubutu. A intanet zaka ga ana cewa 28 lamba ce mai farin ciki, wai ka yi 2 sau 2 da 8 sau 8 ka tara, 68, sake yi, 36 da 64, 100, sake yi, 1, to duk wadda ta sauka akan 1 haka ake kiranta. Wasa ne mai kyau na motsa ƙwaƙwalwa amma ya dogara ne akan cewa mun rubuta ta da 2 da 8, don muna ƙirga da goma. Kwamfuta da take ƙirga da bibbiyu 11100 take rubuta ta, kuma a can kowace lamba ma mai farin ciki ce, kaga sunan ya zama banza. Amma ita kammalar ko a kwamfuta tana nan, har ma ta fi fitowa fili, 6 ita ce 110, 28 ita ce 11100, 496 ita ce 111110000, ɗaya ɗaya a jere sai sifili a bayansu wanda ya gaza su da guda. Wata kuma tana tsaka tsaki, 2 da 8 goma, 1 da 0 ɗaya, 496 ma 19, 10, 1, haka 8128. Wannan tana da tushe, abin da take nufi shine in ka raba su da 9 ɗaya ne yake ragewa, kuma duk kammalalliya mai cika haka take banda 6.

To sai kashi na uku, wanda shi ya kawo ka. Haruffan Larabci 28 ne, haka ne, kuma akwai wani abu mai kyau a ciki da malaman hisabi suka sani, a lissafin abajada harafi tara suna ɗaukar 1 zuwa 9, tara suna ɗaukar 10 zuwa 90, tara 100 zuwa 900, sai guda ɗaya ya ɗauki 1000, tara uku da ɗaya 28. Harafin dubun ma ya bambanta, mutanen gabas gaini suke ba shi, a tsarin Magariba kuma shinun ne. Amma wannan 27 da 1 ne, babu ruwansa da 1, 2, 4, 7, 14, yawan haruffan yare yana bin sautukan da masu yaren suke furtawa ne. Manzilolin wata 28 kuma daga sama suka zo, wata yana zagayowa ya dawo wajen tauraron da ya baro cikin kwana 27 da kusan sulusi, to Larabawa suka cike zuwa 28, mutanen Indiya galibi suka tsaya a 27, wata ɗaya ake kallo. Kuma kar ka haɗa wannan da watan da muke azumi dashi, daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi yasa watan Musulunci 29 ne ko 30, baya taɓa zama 28. Fabrairu kuwa gadon kalandar Rumawa ne, mutane ne suka yanka watanninsu haka.

Inda 28 take aiki da gaske a kalanda wani wajen ne daban. Kwanakin mako 7, shekara mai ƙarin kwana kuma duk bayan 4, to sai an yi 4 sau 7 kafin su biyun su dawo inda suka fara tare. Shi yasa kalandar bature take maimaita kanta duk shekara 28. 1 ga Oktoba 1960 Asabar ce, 1 ga Oktoba 1988 Asabar, 2016 ma Asabar. In kana da tsohuwar kalandar 1997 a gida, ita ce ta 2025 rana da rana. Wannan zai ci gaba har 2099, a 2100 zai karye don waccan shekarar ba za a ƙara wa Fabrairu kwana ba. Amma ka lura ko nan ma 4 sau 7 ne yayi aiki ba kammala ba.

Kuma sunan kada ya ruɗe ka ka ɗauka ta fi sauran amfani. A wajen rabo masu rara sun fi ta nesa ba kusa ba. Tambayi duk malamin da yake rabon gado, asalin mas'alolinsa 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24 ne, babu 28 a ciki, don 28 bata ba da sulusi, bata ba da sudusi, bata ba da sumuni, ita kuwa 24 duk tana bayarwa. Tambayi kakanka kuɗin da, kafin naira ta zo a 1973, sule ɗaya kwabo 12 ne, rabinsa sisi, kwatansa taro, sulusinsa kwabo huɗu, ba a yi faɗa wajen canji ba. Awa minti 60 saboda wannan dalilin dai. 12 da 24 da 60 duk masu rara ne.

Abin da yasa har yau masu lissafi basu saki wannan maganar ba shine akwai tambaya biyu da ba wanda ya amsa. Ta farko, kammalallun nan suna da iyaka ko basu da shi? Zuwa Oktoba 2024 guda 52 aka sani, ta 52 ɗin ta fito ne daga firam ɗin da Luke Durant ya gano da taron kwamfutoci a ƙarƙashin shirin neman manyan firam mai suna GIMPS, firam ɗin kuwa shine ka yi 2 sau kanta har sau 136,279,841 ka cire ɗaya, firam ɗin kaɗai harafi sama da miliyan 41 ne, kammalalliyar da ta haifa kuma sama da miliyan 82, kuma da ƙa'idar nan ta 4 sau 7 aka same ta ba wata sabuwa ba. Ta biyu, akwai kammalalliya mara? Duka 52 ɗin cika ne. Masu rara ma da farko zaka ɗauka duk cika ne har sai ka isa 945, wadda mara ce kuma masu raba ta sun tara 975, to kaga ba a yanke hukunci da wuri. An bincika an tabbatar in ma akwai kammalalliya mara to ta wuce 1 mai sifili 1500 a bayansa, amma ba wanda ya kawo ta kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa babu ita.

Kafin ka sake turo min saƙo ka zauna da biro da takarda ka yi wa 496 layi biyun nan da kanka, ka tara ka ga ko 992 zata fito, sannan ka yi wa 120 ka nemo min masu rabawar da suka kutso daga waje, guda takwas ne, ka rubuto min su.